Ƙarar da Tela Bai Ji Ba

Umma, mahaifiyata, ta yanke hukuncinta ne ranar Juma'a da la'asar, tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin ɗinki da jakarta a hammata. Ba ta kalli mijina ba. Shekara uku da aurenmu, ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba. Komai sai ta biyo da shi ta kaina, kamar ni ce tagar da ke tsakaninsu.

"Ki ce masa ba raina shi na yi ba," in ji ta. "Amma ran Litinin za ki koma aji koyarwa. Yarinya 'yar wata shida ta farka ta yi ta tsala kuka a ɗaki, shi yana nan ya duƙa a kan keke. Wa zai gaya masa? Bango?"

Mijina kurma ne tun haihuwa. Tela ne kuma, a gida yake ɗinki, kowa Tela yake ce masa, har ni. 'Yarmu kuwa Kumatu muke kiranta, domin ranar da aka miƙa masa ita ya hura kumatunsa ya taɓa su da yatsa, shi ke nan suna ya zauna.

"Umma, ai zai riƙa leƙa ta."

"Leƙe ba ji ba ne. Ba kuma za a kwantar mini da jika cikin allurai da ƙurar yadi ba. Jibi da hantsi zan zo. Ki haɗa kayanki da nata, ku dawo wurina daga Litinin zuwa Juma'a. Shi ya gan ku ƙarshen mako."

Ban fassara masa ba. Ba ya bukata. Ya karanta rabin maganar a leɓenta, ya karanta sauran a fuskata. Ya cire ƙafarsa daga kan keke, ya jira har ƙarar takalminta ta ɓace mini a tsakar gida, sannan ya jawo aljihun tebur na ƙasa, wanda nake kira kabarin rediyo.

A cikinsa akwai duk abin da ya taɓa kwancewa don ya ga cikinsa: tsohuwar rediyo da bai taɓa jin muryarta ba, agogo biyu, fitilar keke ja. Tun kafin in san shi yake da wannan ciwon. Ni ma, in gaskiya za a faɗa, shi ya fara jan hankalina. Na kai masa riga ya rage mini hannu, na same shi ya baje hanjin wata fanka a kan yadin mutane, yana kallonsa kamar yadda nake kallon shafin ƙarshe na littafin da ba na so ya ƙare. Na koma gida ran nan ban san inda na ajiye zuciyata ba.

Ya fito da wani ɗan allo kore da bai kai tafin hannuna ba, da wani ƙarami mai makirfo a kansa kamar ƙwayar wake. Watanni biyu ke nan da ya saye su, yana jiran ya samu sarari.

"Wannan ƙwaƙwalwa ce," ya ce da hannunsa, yana nuna koren allon. "Wannan kunne ne. Zan sa kunnen kusa da gadonta. In ta yi kuka, ƙwaƙwalwar ta kunna jar fitila a gabana."

"Ka taɓa yi?"

"A'a." Ya yi murmushi. "Akwai gobe."

Asabar ta fara da kyau. Ya kwashe yaduka daga teburin yanka, ya ajiye tsohuwar kwamfutarsa, wadda murfinta ke tsaye da taimakon gwangwanin maɓallai. Ya bayyana mini cewa ɗan allon ba ya san komai da kansa. Sai an rubuta masa umarni a kwamfuta, a tura masa ta kebul, sannan ya riƙe shi har abada. Don haka aikin farko shi ne a sauke manhajar da ake rubuta umarnin a cikinta.

Saukewar kaɗai ta ci mana safiya. Layin da ke nuna ci gaba yana tafiya kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, ya kai rabi ya tsaya, ya koma farko. Tela ya ɗinke wuyan riga biyu yana jira. Da ta sauka, manhajar ta ce ba ta san irin allonsa ba, sai ya ƙara sauke wani ƙunshi. Ya sauke. Ya zaɓi sunan allon daga cikin jerin sunaye masu tsawo kamar rajistar ajina. Sannan ya rubuta umarnin gwaji, 'yan layuka kaɗan: kunna fitila, jira, kashe fitila, jira.

Ya soka kebul a jikin allon, ya soka ɗaya kan a kwamfuta. Wata 'yar fitila ja ta kama a jikin allon. Ya dube ni da fuskar yaron da ya ci jarrabawa.

"Yana da rai."

Ya danna kibiyar turawa. Muka jira. Sai jan rubutu ya cika ƙasan fuskar kwamfutar: ba a sami allo ba.

Akwai wani wuri a manhajar da ake zaɓar ƙofar da allon ya shigo ta ita. Wurin ya yi toka-toka, ba ya dannuwa, babu komai a ciki. Tela ya karanta a wayarsa cewa wata 'yar manhaja ce ta rage, direba ake ce mata, ita ke gabatar da allo ga kwamfuta. Ya sauke direba. Ya kashe kwamfuta ya kunna. Babu. Ya goge direban ya sake sa wani. Babu. Ya canja ramin da ya soka kebul. Ya canja kebul ɗin kansa, har sau uku, domin yana da su cikin gwangwani, waɗanda suka zo da fitilun caji da ƙaramar fankarmu. Kowanne ya sa, jar fitilar allon ta kama, kwamfutar kuma ta ce ba ta ga kowa ba.

Ni kuwa ina ta harkokina, ina guge kayan makaranta, ina jin daɗin wani abu da ban tsaya na gane ba. Gidan shiru. Kumatu ta yi barcin rana har na awa biyu, abin da ba ta saba ba.

Da la'asar na kai masa abinci, na tarar bai taɓa na rana ba. Ya goge manhajar gaba ɗaya yana sake sauke ta daga farko. Idanunsa sun yi ja.

"Ka huta," na ce.

Hannunsa ya yi nauyi, maganar ta fito a hankali. "Ran da aka haife ta, kowa ya ji kukanta. Nas ta ji, Umma ta ji daga waje. Ni na ga bakinta ne kawai a buɗe." Ya dubi allon. "Ban taɓa jin haushin kunnena ba sai jiya."

Na san mutumin nan ya sha dariyar yara a titi, ya sha masu kawo ɗinki da ke ɗaga murya kamar ihu zai buɗe abin da Allah ya rufe. Duk bai taɓa nuna ya dame shi ba. Na tsuguna na ɗora goshina a gwiwarsa, don kada ya ga fuskata. A gidanmu, ɓoye fuska shi ne yin shiru.

Da yamma na fito da akwati. Ban so ba, amma na san Umma. Na jera kayan Kumatu a ciki, ƙananan rigunan da ubanta ya ɗinka mata da ragowar yadi, kowace da aljihu, wai don ta saba da ajiya. Ya wuce ta bakin ƙofa ya gani.

Lahadi da sassafe na same shi a teburin yanka, wayarsa a jingine da almakashi. Bidiyo yake kallo, wani mutum da hannayensa kaɗai ake gani yana nuna yadda ake haɗa irin wannan allon. Tela yana bin rubutun da ke fitowa a ƙasa, yana tsayarwa, yana komawa baya.

"Sau goma na kalla," ya ce. "Duk abin da ya yi na yi."

Na ja kujera na zauna kusa da shi, Kumatu a cinyata. Ba don na san komai ba. Na dai ga bai kamata ya kalli na goma sha ɗaya shi kaɗai ba. Mutumin bidiyon ya ɗauki kebul, ya soka a kwamfutarsa.

Talan.

Na san ƙarar nan kamar yadda na san tarin Umma. Kwamfutar Tela kullum muryarta a ƙure take, domin shi bai san tana da murya ba. Duk lokacin da ya soka filashinsa don ya duba hotunan ɗinki, sai ta buga wannan talan ɗin har tsakar gida, Kumatu ta zabura, ni in fito ina masifa. Na rage muryar ya fi sau ɗari, ban san yadda take komawa ba. Jiya kuwa mutumin nan ya yini yana soka kebul yana zarewa, ban ji ta ko sau ɗaya ba. Shirun da na ji daɗinsa ke nan.

Na kama hannunsa. "Koma baya."

Ya koma. Talan. Na dubi rubutun ƙasan bidiyon. Babu abin da aka rubuta. Wa zai rubuta ƙarar da kowa ke ji?

"Sa filashinka a kwamfuta," na ce.

Ya dube ni da mamaki, ya sa. Talan, har Kumatu ta juyo.

"Yanzu cire, ka sa allon."

Ya sa. Jar fitila ta kama. Shiru.

Na bayyana masa da hannu. Kwamfuta tana yin wata ƙara duk lokacin da wani abu ya shigo mata. Ta yi wa filashi, ta yi wa mutumin bidiyo. Allonsa kuwa ba ta yi masa ba, tun jiya.

Ya ɗago ya dube ni. "Tana ƙara?"

"Kullum."

"Shekara nawa?"

"Tun da na shigo gidan nan."

"Shi ne abin da kike zuwa kina yi mini faɗa a kai? Na ɗauka zaman da nake yi a gabanta ne ba kya so."

Dariya ta kusa ƙwace mini, amma ya riga ya tafi wani wuri a kansa. Idan kwamfutar ba ta ma san an shigo ba, to ba manhaja ba ce, ba direba ba ne. Ya zare kebul ɗin ya juya shi a hannu. Ya ɗauki ƙaramin almakashi, ba babban da ko ni ba na taɓawa ba, ya datse shi gida biyu, ya fere baƙar fatar. Siraran wayoyi biyu ne a ciki, ja da baƙa. Ya datse na biyu. Biyu. Na uku ma haka.

"Huɗu ya kamata," ya ce, hannunsa yanzu yana gudu. "Biyu na wuta, biyu na magana. Waɗannan na caji ne kawai. Suna ba shi abinci, ba sa kai saƙo." Ya ɗaga guntun kebul ɗin yana girgiza kai. "Yini guda ina zagin kwamfuta, ashe ɗan aiken ne bai da baki."

Na ruga na ɗauko kebul ɗin wayata. Kansa bai shiga ba, irin na sababbin wayoyi ne, allon kuma tsohon rami gare shi. Na Tela ma haka. Muka zazzage aljihun tebur, muka duba bayan gado. Shagunan layinmu ba sa buɗewa ran Lahadi sai bayan azahar. Ina tsaye da kebul marar amfani a kowane hannu na ji sallamar Umma a tsakar gida.

Ta shigo ta ga akwati a bakin ƙofa, ta gyaɗa kai. Ta leƙa ɗakin ɗinki ta ga guntayen waya a ko'ina.

"Yau kuma rediyon wa aka yanka?"

Tela ya miƙe ya gaishe ta da ɗan rusunawa kamar kullum. Amma idonsa ba a kanta yake ba, a kan jakarta yake. Ya taɓa ni, ya matse gwiwar hannunsa a haƙarƙari. Sunan Umma ke nan a yarenmu na hannu, jaka a hammata, ita ba ta sani ba. Sannan ya yi alamar waya.

Wayar Umma ta girmi aurenmu. Kebul ɗinta kuwa wanda ya zo da ita a kwali ne, tana naɗe shi cikin hankici, ba ta ba kowa aro, ko ni da ta haifa.

"Umma, ki ara mana kebul ɗin cajinki."

"Me ya sami naku?"

Na nuna mata teburin.

"Au, in ba shi nawa ya yanka?"

"Ba zai yanka ba. Minti biyar."

"Ki ce masa in ya ko lanƙwasa mini shi, ni da shi ne."

Ta zauna a kujerar masu jiran ɗinki, ta kwance hankicin kamar mai fito da gwal. Tela ya karɓa da hannu biyu. Ya soka a allo. Ya kai ɗaya kan bakin kwamfuta, ya tsaya, ya ɗago ya zuba mini ido. Ba fuskar kwamfutar yake kallo ba. Ni yake kallo.

Ya soka.

Talan.

Ban san lokacin da na daka tsalle ba. Ya ga tsallen, ya juya, ya buɗe wurin zaɓar ƙofa. Tokar ta washe, ga sunan allon nan zaune kamar baƙon da ya daɗe a zaure yana jira a ce ya shigo. Ya zaɓa. Ya danna kibiya. Farin rubutu ya yi ta gudu a ƙasa, ba ja ko ɗaya. Sai wata 'yar fitila shuɗiya a jikin allon ta kama, ta mutu, ta kama, ta mutu, daidai yadda ya umarce ta tun jiya.

Na karanta labarai da yawa inda ake buɗe ƙofar birni wa jarumi. Ban taɓa ganin fuskar jarumin ba sai ran nan, a kan mutum mai tef ɗin awo a wuya.

"To," in ji Umma. "Fitila tana ƙiftawa. Sai aka yi yaya?"

"Ki ba shi awa ɗaya, Umma."

"Ni da na zo ɗaukar jika."

Amma ta karɓi Kumatu ta ɗora a cinya, ba ta tashi ba.

Ainihin umarnin ya riga ya rubuta shi a bayan takardar awon wani mai riga. Ya kwafe shi a kwamfuta, ya tura. Ya ɗaure ɗan kunnen a jikin gadon Kumatu da ƙyallen yadi, ya ja doguwar waya ta saman ƙofa, ya maƙale jar fitilar keken a kan keken ɗinki, daidai inda idonsa ke sauka.

Umma ta ce, "Wannan tarkacen ne zai yi reno?"

Fitilar ta haska, ja wur.

"Me ya kunna ta?"

Ta sake haskawa.

"Muryarki ce, Umma. Daga ɗaki ɗan kunnen yake jiyo ki."

"Ni ba na ihu."

Fitilar ta ƙaryata ta nan take. Tela ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ya ɗauki ƙaramin sukundireba ya shiga ɗaki ya murɗa wani ɗan ƙusa a jikin kunnen. Ya sa na yi magana, na yi tafi, na rufe ƙofa da ƙarfi, yana murɗawa kaɗan-kaɗan, har fitilar ta daina kula hayaniyar waje. Umma ma ta gwada, wai tari ne ya kama ta.

Kumatu ta yi barci a kafaɗar kakarta. Umma da kanta ta kai ta gado, ta ja ƙofa, ta dawo ta zauna.

"Ya koma aikinsa," ta ce. "Ya ba mu baya. Ke kuma ki zauna nan inda zan ga hannunki. Kada ki ko motsa."

Tela ya zauna, ya sa ƙafa a keke. Ƙarar ɗinki ta cika ɗakin. Na zauna da hannuwana a cinya kamar mai laifi. Minti ashirin. Rabin awa. Ban taɓa roƙon Allah 'yata ta yi kuka ba sai ran nan.

Sai na ji shi, siriri, ta bayan ƙofa da ƙarar keke. Ɗan ƙorafin farko, wanda ke zuwa kafin kukan gaske. Jikina ya yunƙura da kansa. Umma ta danne mini gwiwa.

Fitilar ta kama.

Keken ya tsaya a tsakiyar layi. Tela ya miƙe, kujerarsa ta faɗi baya, bai waiwaya ba. Ya wuce mu kamar ba ma nan. Kafin kukan ya kai ƙarfinsa ya yanke. Ya fito da ita a ƙirjinsa, tana cusa fuska a wuyansa, tana jan tef ɗin awo. Ya tsaya a bakin ƙofa, hawaye na bin fuskarsa, bai share ba. Da hannu ɗaya ya ce mini, "Ta kira ni."

Umma ta miƙe tsaye. Ta dubi fitilar, ta dubi akwatin. Sannan ta gyara jakarta.

"A ba ni kebul ɗina."

Yanzu da umarnin ya shiga, kowane kebul na caji zai riƙe allon. Tela ya miƙa mini Kumatu, ya zare na Umma, ya sa na wata fitila da ya tsira daga almakashi, ya naɗe nata cikin hankicin ya miƙa mata da hannu biyu. Ta duba shi tun daga kai har gindi, ta jefa a jaka.

"Ki mayar da kayan yarinya cikin durowa, za su yamutse." Ta kai bakin ƙofa ta tsaya. "Ke. Yaya ake ce wa mutum ya yi ƙoƙari, da hannu?"

"In gaya masa?"

"Na ce ki gaya masa? Nuna mini na ce."

Na nuna mata. Ta juya, ta taɓa kafaɗar surukinta, karo na farko a shekara uku. Ta yi alamar a karkace, yatsunta duk sun cakuɗe, abin da ta faɗa ya fi kusa da "ka ƙoshi". Tela ya rusuna har ƙasa.

"Ki kuma rage muryar kwamfutar nan," ta ce tana fita. "Za ta kashe wa mutane kunne."

Ban rage ba. Ran Litinin na fita da jakar littattafaina, na waiwaya daga bakin ƙofa. Tela yana kan keke, jar fitilar tana gabansa a kashe, tana jira.